Kafin ka kai kwamfutarka gyara saboda maɓallin Impr écran

Rajistar jarrabawa, neman gurbin karatu a jami'a, cike takardar neman aikin gwamnati, biyan kuɗin biza, duk sun koma intanet ko suna kan hanyar komawa, daga Garwa har Kwatano. A da idan mutum ya kai takardunsa ofis, akan ba shi 'yar takarda mai hatimi ya sa a aljihu. Yanzu abin da yake samu shafi ne da ke fitowa a fuskar kwamfuta, ɗauke da lambar rajista da kwanan wata. Idan wuta ta ɗauke, ko layin intanet ya tsinke, ko lokacin da ya saya a shagon intanet ya ƙare kafin ya adana shafin nan, to ranar da aka ce masa ba a ga sunansa ba, ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

Saboda irin wannan ne ake buƙatar ɗaukar hoton fuskar kwamfuta, abin da ake kira capture d'écran da Faransanci. Akwai maɓalli guda da aka tanada domin wannan aiki, kuma babu maɓallin da ake yawan zargi da lalacewa kamarsa. Mutum ya danna, ya sake dannawa, bai ga komai ba, bai ji komai ba, sai ya ce ai ya mutu. Wani ya kwashi kwamfutar ya kai wa mai gyara, wani ya zaro waya ya ɗauki hoton da lambobinsa ba sa karantuwa. Alhali sau da yawa maɓallin lafiyarsa ƙalau. Ya ɗauki hoton, shiru kawai ya yi, ya ajiye shi a wurin da mai kwamfutar bai san da shi ba.

Sunansa ya danganta da ƙasar da kwamfutar ta fito

Kwamfutocin da ke hannun jama'armu yawanci na hannu ne, kowace da inda ta fito. Wadda ta biyo ta Duwala ko Kwatano ko Lome daga Faransa ko Beljiyam, allon maɓallanta, wanda wasu ke kira kibod wasu kuma clavier, yana farawa da haruffan AZERTY, kuma a jikin maɓallin an rubuta Impr écran ko Imp écr, wani lokaci da kalmar Syst a ƙarƙashi. Wadda aka sayo a kasuwannin Legas ko Kano ko Akra, mai QWERTY, za ka ga PrtSc ko PrtScn. Ta Jamus Druck aka rubuta mata, ta Sifaniya Impr Pant, ta Italiya kuwa Stamp. Duk maɓalli ɗaya ne. A wani aji da na koyar, wani ɗalibi ya dage cewa tasa kwamfutar ba a yi ta da shi ba sam, ga kuwa Druck nan a gabansa yana kallonsa.

A kibod na kwamfutar tebur ba ya ɓuya, yana layin sama, dama da F12. Kwamfutar cinya ce ke wahalar da mutane, domin wuri ya yi ƙaranci, kowane kamfani sai ya cusa shi inda ya samu. A yawancin ThinkPad na kamfanin Lenovo yana layin ƙasa, tsakanin Alt Gr da Ctrl na hannun dama. A wasu HP yana zaune ɗaki ɗaya da maɓallin Inser, a wasu kuma an rubuta shi da ƙananan haruffa a jikin Maj na dama. Wasu sababbin ma babu rubutu, sai ɗan zanen almakashi ko kyamara.

Akwai kuma masu kibod na QWERTY amma Windows ɗinsu yana rubutu da AZERTY, ko akasin haka, su danna A ya fito Q. Wannan ruɗani bai shafi maɓallinmu ba, sauya harshen kibod ba ya gusar da shi daga wurinsa. Haka ma haruffan S da V da P da za mu yi ta ambata a nan, wurinsu ɗaya ne a kibod na Faransa da na Ingila da na Jamus.

Dalilin shirun

Sunan kansa yana ruɗarwa. Impr taƙaitawar imprimer ce, wato bugawa a takarda, kuma asali aikinsa ke nan. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta PC a 1981, abin da ake gani a fuskarta rubutu ne, layi 25, kowane layi harafi 80. Idan aka danna maɓallin tare da Shift, wanda shi ne Maj a kibod na Faransa, sai rubutun nan ya tafi firinta kai tsaye ya fito a takarda. Da Windows ya zo da hotuna da tagogi, sai aka sauya masa aiki amma aka bar masa tsohon suna. Maimakon firinta, hoton yana zuwa wata ma'ajiya ta wucin gadi da ake kira presse-papiers, wadda ita ce ke riƙe duk abin da ka kwafa da Ctrl da C.

Ma'ajiyar nan kamar tafin hannu take. Abu ɗaya take riƙewa, ka ba ta wani ta saki na farko. Idan ka ɗauki hoto sannan ka kwafi lambar waya, hoton ya tafi. Idan ka danna maɓallin sau biyar, hoto na biyar kaɗai ya rage. Idan kwamfutar ta mutu, babu ko ɗaya. Ba ta kuma nuna wata alama cewa ta karɓi wani abu.

Don haka gwajin farko ba ya cin ko minti ɗaya. Danna maɓallin sau ɗaya, buɗe manhajar Paint da ke cikin kowane Windows, ka danna Ctrl da V tare. Idan hoton fuskar kwamfutarka ya bayyana, magana ta ƙare, babu abin gyarawa. Sai ka adana shi da Ctrl da S, ka ba shi suna. Ba dole sai Paint ba, ana iya liƙa shi a Word, ko cikin saƙon imel, ko a WhatsApp na kwamfuta.

Idan taga ɗaya kake so, ba dukan fuskar ba, riƙe Alt na hannun hagu sannan ka danna Impr écran. Idan kuma ba ka son wahalar liƙawa, riƙe maɓalli mai tambarin Windows sannan ka danna shi. Fuskar za ta ɗan dushe kamar ƙiftawar ido, hoton ya tafi da kansa cikin jakar ajiya, wato dossier, mai suna Captures d'écran da ke cikin Images. A Windows na Turanci sunayen su ne Screenshots da Pictures. Ko ba ka ga dushewar ba, leƙa jakar kafin ka yanke hukunci, domin a wasu kwamfutocin an kashe irin wannan kwalliya don su ƙara sauri. Wannan hanya ta fara ne da Windows 8 a 2012. Mai Windows 7, wanda kamfanin Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020 amma har yau yana cike da ofisoshi da shagunan intanet, ba shi da ita.

Tun ƙarshen 2018 an faɗaɗa wa tafin hannun nan. A Windows 10 da 11, idan ka danna Windows da V, za a tambaye ka ko kana so a kunna tarihin abubuwan da ka kwafa. Idan ka yarda, zai riƙa riƙe har guda 25. Yana da amfani ga mai cike takardu masu shafi da yawa, amma a kwamfutarka ta kanka kawai. A ta haya kada ka kunna shi.

Idan Paint bai nuna komai ba

Wanda za a fara tuhuma shi ne maɓallin Fn da ke ƙasa ta hagu a kwamfutar cinya. Duk maɓallin da ke ɗauke da rubutu biyu, aikinsa biyu ne, kuma na biyun ba ya fitowa sai an riƙe Fn. Dubi rubutun da kyau. Idan Imp écr an rubuta shi da wani launi dabam, ko a cikin ɗan akwati, ko a ƙasan wani rubutu, to sai da Fn. Ka riƙe Fn ɗin tukuna, ka danna maɓallin, sannan ka koma Paint ka gwada. Mai son hoton ya adana kansa sai ya haɗa uku, Windows da Fn da Impr écran.

Shi Fn ɗin ma ana kulle shi, kuma hannun yaro ko gwiwar hannunka na iya kulle shi ba ka sani ba. A yawancin Dell da ThinkPad, Fn da Échap tare ne ke kullewa da buɗewa. Wasu kibod na tebur suna da maɓalli mai suna F Lock da ke yin irin wannan. Akwai kwamfutocin da sai an shiga saitin BIOS kafin a juya wannan tsari, amma ban ga dalilin da zai sa wanda bai saba ba ya shiga can ba, tunda riƙe Fn ya wadatar.

Na biyu, wataƙila Windows ne da kansa ya sauya hali. A 2023 Microsoft ya mayar da maɓallin a Windows 11 ya zama mai buɗe manhajar yankan hoto. Wanda ya saba da tsohon tsari sai ya ga fuskar ta yi duhu, wata 'yar sanda mai alamomi ta fito a sama, ya zaci matsala ce, ya danna Échap, ya je Paint ya tarar babu komai. Ba a ɗauki hoton ba tukuna, jira ake yi ka zana iyakar wurin da kake so. Idan ka fi son tsohon hali, shiga Paramètres, sai Accessibilité, sai Clavier, ka kashe layin da ke magana a kan maɓallin Impr écran. A Windows 10 layin yana ƙarƙashin Options d'ergonomie.

Na uku, wata manhaja ce ta karɓe maɓallin. OneDrive da Dropbox sukan tambaya sau ɗaya ko kana so su riƙa adana maka hotunan da kake ɗauka, yawancinmu kuwa mukan danna eh ba tare da mun karanta ba. Daga ranar hotunan suna tafiya jakar su, daga nan su hau intanet su ci maka data. A kwamfutar hannu abin ya fi haka nauyi. Idan asusun OneDrive da ke buɗe a ciki na tsohon mai ita ne, ko na wanda ya saka mata Windows a kasuwa, to hoton katinka da rasit ɗinka suna iya sauka a asusun wani. Duba alamar gajimare kusa da agogo ka ga sunan wa ke ciki. Haka nan manhajoji irin su Lightshot da Greenshot da ShareX, waɗanda masu gyara kan zuba wa kwamfuta tare da sauran kaya, kowace tana son maɓallin ya zama nata. Idan biyu suka haɗu, wani lokaci babu wadda ke samu. Rufe su ɗaya bayan ɗaya ta alamominsu da ke kusa da agogo, kana gwadawa bayan kowace. Wadda ka kama, hana ta tashi da kwamfuta ta Gestionnaire des tâches, wanda ake buɗewa da Ctrl da Maj da Échap, a sashen Démarrage.

Akwai wasu tarkuna biyu ƙanana da suka fito daga tanadin da aka yi wa masu buƙata ta musamman. Idan aka riƙe Maj na dama tsawon daƙiƙa 8, tsarin Touches filtres yana iya kunnuwa, shi kuwa ba ya kula da dannawa mai sauri. Ana kashe shi a shafin Clavier ɗin nan da muka ambata. Ɗayan ya fi ba da tsoro. Alt na hagu da Maj na hagu da Impr écran, idan suka haɗu, suna kunna launuka masu tsananin bambanci, fuskar ta koma baƙa, rubutu ya koma fari da rawaya. Ba cutar kwamfuta ba ce. Sake danna ukun nan, komai zai dawo.

Abin da ba zan ba da shawararsa ba shi ne a goge kwamfuta gaba ɗaya a sake saka mata Windows saboda maɓalli ɗaya. Wasu masu gyara da wannan suke farawa, domin ya fi musu sauƙi kuma kuɗinsa ya fi kauri, mai kwamfuta kuwa ya dawo gida babu takardunsa na shekaru. Haka ma manhajojin da ake tallatawa a intanet wai suna gyara direbobin kwamfuta da dannawa ɗaya. Idan sauran maɓallan suna aiki, da wuya a ce direban kibod ne matsalar.

Yadda za a gane ko da gaske ya lalace

Windows yana da kibod na cikin fuska mai suna Clavier visuel. Danna Windows da R, rubuta osk, ka danna Entrée. Kibod zai fito a fuskar, da nasa maɓallin ɗaukar hoto a ɓangaren dama. Danna shi da linzamin kwamfuta, ka je Paint ka liƙa. Idan wannan ya yi, na hannu ya ƙi ko da Fn, to matsalar a jikin maɓallin take. Idan dukansu sun ƙi, koma kan manhajoji. Wanda ke da maƙwabci mai kibod na USB, ya aro ya jona, gwajin ɗaya ne.

Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai, haka ɓurɓushin biredi da ɗigon shayi mai sukari. A kashe kwamfutar, a kifa ta a ɗan bubbuga bayanta a hankali, a share gefen maɓallin da burushi mai laushi. Kada a zuba ruwa ko fetur, kada kuma a ɓamɓare maɓallin da allura. 'Yan robobin da ke riƙe da shi a kwamfutar cinya sirara ne ƙwarai, idan suka karye samunsu wahala ne. Idan duk da haka ya ƙi, a ganina a bar shi. Sauya kibod gaba ɗaya saboda shi asarar kuɗi ce, tunda hanyoyin da suka fi shi kyau ba sa buƙatarsa.

Hanyoyin da ba su bi ta kansa ba

Wadda nake koya wa ɗalibai kafin kowace ita ce Windows da Maj da S tare, a Windows 10 da 11. Fuskar za ta dushe, ka ja linzami ka zagaye wurin da kake so kaɗai. A sandar da ke sama ana iya zaɓar murabba'i, ko zanen hannu, ko taga ɗaya, ko dukan fuskar. Bayan ka saki linzami, sanarwa za ta fito a ƙasa ta dama. Danna ta, hoton ya buɗe, ka yi masa alama da alƙalami idan kana so, ka adana. A nan sai an kula. Windows 11 na yanzu yana adana hoton da kansa a Captures d'écran, amma a Windows 10 yana tsayawa ne a presse-papiers, idan ba ka adana ba ya tafi.

Manhajar da ke bayan wannan aiki, Outil Capture d'écran, wadda ake kira Snipping Tool a Windows na Turanci, ta daɗe, tana cikin Windows tun Vista a 2007. Mai Windows 7 ya rubuta capture a akwatin bincike na Démarrer ya neme ta. A sababbin Windows tana da jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi, kuma shi ne maganin jerin zaɓin nan da ke ɓacewa da zarar ka taɓa wani maɓalli. Ka sa jinkirin, ka buɗe jerin, ka jira ta ɗauka. Ta Windows 11 tana ɗaukar bidiyo, tana kuma iya ciro rubutu daga cikin hoto, sai dai a sake karanta abin da ta ciro, musamman lambobi da haruffanmu masu ƙugiya irin su ɗ da ƙ.

Shafi mai tsawo wanda bai shiga fuska ɗaya ba, kamar jerin sakamakon jarrabawa, ba sai an yi masa hoto biyar ba. A Firefox da Edge, Ctrl da Maj da S suna ba da damar ɗaukar shafin tun daga sama har ƙasa. Amma idan rasit ne ko takardar shaidar rajista, na fi son hanya mafi tsufa. Danna Ctrl da P kamar za ka buga, a wurin zaɓen firinta ka zaɓi Enregistrer au format PDF. Rubutun zai fito tsaf, ana iya kai shi a buga a ko'ina, kuma idan aka bar zaɓin En-têtes et pieds de page a kunne, adireshin shafin da kwanan wata za su fito a jikinsa. Wannan ya fi hoto ƙarfi a gaban ma'aikacin ofis.

Mai rubutu a Word yana da nasa, tun Office 2010, a ƙarƙashin Insertion akwai wurin ɗaukar hoton duk tagar da ke buɗe. Wasu ƙananan kwamfutoci da ba a yi musu maɓallin ba, Fn da Windows da doguwar sandar tazara ne ke maye gurbinsa. Kwamfutar Mac ba ta da shi tun asali, Cmd da Maj da 3 ne na dukan fuska, da 4 na yanki, kuma hoton yana sauka a kan Bureau. A Ubuntu maɓallin yana aiki kai tsaye. A wayar Android, maɓallin kunnawa da na rage murya tare, a yawancin Tecno da Infinix kuma ana jan yatsu uku ƙasa.

Wani lokaci hoton yakan fito baƙi ƙirin, ko a ƙi ɗauka gaba ɗaya. Wannan da gangan ne. Fina-finan da aka kare daga kwafa, manhajojin banki da yawa a waya, da hoton WhatsApp na kallo sau ɗaya, duk an toshe su. Haka akwatin da Windows ke fitarwa yana neman izini kafin a saka manhaja, da shafin BIOS, da shuɗin allon da ke fitowa idan kwamfuta ta faɗi. A waɗannan na ƙarshe kyamarar waya ce mafita, kuma hoton lambar kuskuren da ke shuɗin allon yana rage wa mai gyara lalube. A kashe fitilar kyamara, a tsaya daidai gaban fuskar, a ɗan ja baya sannan a matso da hoton, domin layukan nan masu kama da igiyar ruwa su ragu.

Hoto shaida ne, amma ba kuɗi ba ne

Idan don shaida kake ɗauka, kada ka yanke shi ya yi ƙanƙanta. Bar adireshin shafin da ke sama, da lambar rajista ko ta ciniki, da agogo da kwanan wata da ke ƙasa. Ba shi suna mai ma'ana, kamar rajista da sunan jarrabawar da shekara, domin bayan wata shida ba za ka gane shi ba a cikin hotuna 200 masu suna iri ɗaya. Tura kwafi zuwa imel ɗinka nan take.

Ga 'yan kasuwa kuwa maganar ta juya. Cinikin da ke tsakanin Marwa da Njamena, ko Malanbil da Gaya, yanzu da yawansa a waya ake ƙulla shi, mai saye ya turo hoton cewa ya biya, mai kaya ya ɗora a mota. Hoton fuska abu ne mai sauƙin ƙirƙira. Ana iya sauya lambobin shafi a kan kwamfutar mutum kafin a ɗauka, ana iya gyara tsohon rasit a sauya masa rana. Hoton da ka ɗauka da kanka yana taimaka maka wajen kai ƙorafi, domin lambar cinikin da ke ciki ana iya bincikarta. Wanda wani ya turo maka kuwa, kada ka saki kaya a kansa sai ka buɗe asusunka da hannunka ka ga kuɗin.

Sai kuma abin da hoton ke kwasowa ba da saninka ba. Ɗaukar dukan fuska yana haɗawa da sunayen shafukan da ka buɗe, da saƙon da ya faɗo a gefe, da ragowar kuɗin asusu. Malamin da zai tura wa uba makin ɗansa, ya yanke layin yaron kaɗai, kada ya tura na ajin duka. Idan za a rufe wani abu, a shafe shi da launi mai kauri a Paint, domin alƙalamin haskaka rubutu ba ya ɓoyewa, ana ƙara hasken hoton rubutun zai fito. Yankewa ma ta taɓa ba da kunya. A watan Maris na 2023 masu bincike sun gano cewa a wayoyin Pixel na Google, da manhajar yankan hoto ta Windows 10 da 11, ana iya dawo da ɓangaren da aka yanke idan an adana sabon hoton a kan tsohon fayil. Kamfanonin sun toshe ɓarakar, amma kwamfutar da ba a sabunta ta tana iya kasancewa da ita har yanzu, don haka a adana wanda aka yanke da sabon suna. Lightshot kuma tana da alamar gajimare da ke ɗora hoto a intanet ta ba ka gajeren adireshi. Adireshin ba shi da makulli, wanda ya dace da shi zai gani. Takardar shaida ko fasfo ba su da wuri a can.

Windows yana adana hotunan a tsarin PNG, wanda ke fitar da rubutu sarai amma yakan yi nauyi. Idan shafin rajista ya ƙi karɓa saboda girma, buɗe hoton a Paint, ka zaɓi Enregistrer sous, ka mayar da shi JPEG. Idan ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin Document, in ba haka ba za a matse shi ƙananan lambobi su dushe.

A shagon intanet, kafin ka tashi daga kujera, kwashe hotunanka a filash, wato clé USB, ko ka tura su imel ɗinka. Sannan ka share su daga Captures d'écran da Téléchargements da Bureau, ka zubar da Corbeille. Danna Windows da V ka ga ko tarihin kwafa a kunne yake, idan haka ne ka danna Effacer tout. Idan a kashe yake, kwafi kowace kalma daga wani shafi, domin ta ture hotonka na ƙarshe daga presse-papiers kafin na bayanka ya zauna.